Tara Furanni da Shuka Albasar Fure a Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Na daɗe ina tara furanni, kuma waɗanda suka fi kwanta mini a rai su ne masu ɓoye abincinsu a ƙarƙashin ƙasa, su yi barci na watanni, su farka idan lokacinsu ya yi. Duk wanda ya leƙo lambun, ko ya karɓi iri a hannuna, kusan tambayoyi iri ɗaya yake yi mini. Ga su nan, da abin da nake amsawa.

Mene ne albasar fure? Duk abin da aka tono a dunƙule albasa ne?

A bakin masu lambu duk albasa ake ce musu, amma ba ginin jiki ɗaya gare su ba, kuma bambancin yana da amfani ranar da za ka raba su. Idan ka tsaga albasar tulif ko ta amarilis daga sama zuwa ƙasa, za ka ga ɓawo mai kauri a kan ɓawo, duk sun zauna a kan wani ɗan faifai mai tauri a gindi. Ɓawon nan ganyaye ne da suka kumbura da abinci. Faifan kuwa shi ne ainihin karan shukar, daga jikinsa saiwoyi ke fita, idan ya ruɓe zance ya ƙare. A tsakiyar albasar tulif da ta ƙosa, furen da zai fito yana nan a naɗe, ɗan mitsitsi, tun kafin ka saka ta a ƙasa.

Giladiyolas da kurokas da firisiya ba su da wannan ɓawo-ɓawo a ciki. Dunƙulen kara ne, tsoka ɗaya, shukar tana cinye shi a shekara ta gina sabo a kansa. Daliya kuma saiwoyinta ne suka yi ƙiba, idon da ke toho yana wuya, inda saiwar ta haɗu da tsohon kara. Shukar da ake kira kana (Canna) tana da kara mai rarrafe a ƙarƙashin ƙasa, yana tafe yana fid da toho.

Me ke sa mutum ya yi ta tara su haka?

Ni dai lilin ruwan sama ce ta kama ni, wadda masana ke kira Zephyranthes. An ba ni 'yan albasoshi ƙanana, na binne a bakin wata tukunya, watanni suka shuɗe ba abin da ake gani sai siraran ganye kamar ciyawa. Aka yi ruwa mai ƙarfi, bayan kwana uku ko huɗu na fito da safe na tarar tukunyar ta cika da fure ruwan hoda. Ban taɓa mantawa da safiyar nan ba. Tun daga ranar nake son sanin abin da kowace shuka ke jira kafin ta buɗe: wata ruwa, wata sanyi, wata tsawon yini. Tarawar ma daga nan ta samo asali, domin kowane iri da watansa, kuma mai lambu yana son a ce kowane wata akwai tukunyar da ke shirin ba shi wani abu.

Da wanne ya kamata in fara?

Kafin ka tambayi launin fure, tambayi asalinsa. Wannan ita ce shawarar da na fi nanatawa, don albasa ba ado ba ce a wurin shukar, rumbu ce da ta gina domin ta tsallake lokacin wuya a ƙasarta ta asali. Idan ka san wace wuya ta saba tsallakewa, ka san lokacin barcinta, ka san ranar da za ka ba ta ruwa da ranar da za ka ɗauke hannu.

Tulif daga duwatsun tsakiyar Asiya ta fito, inda ake hunturu mai ƙanƙara, sai gajeren lokaci mai laima, sai rani mai zafi da bushewa. Dafodil ta yankin tekun Bahar Rum ce, mafi yawan ire-irenta na daji a Sifen da Fotugal suke. Waɗannan, da hayasin da kurokas, sai sun sha sanyi suke fure.

Akwai kuma masu son ɗumi. Amarilis ɗin da ake sa wa a tukunya, mai manyan furanni kamar bakin kakaki, 'yar Kudancin Amurka ce. Giladiyolas tana da ire-iren daji wajen 300, mafi yawansu a kudancin Afirka. Tubaros, mai farin fure da ƙamshin da ke tashi da dare, daga Meziko take. Kaladiyum ta dazuzzukan Kudancin Amurka ce, inuwa take so, ganyenta ake so ba furenta ba. Waɗannan suna girma da ɗumi da ruwa, su kwanta idan aka shiga fari.

Kashi na uku ba sa barci sosai, ganyensu kore ne kusan duk shekara idan suna samun laima, kamar wasu daga cikin dangin Crinum, dangin da albasar kwaɗi ta fito daga cikinsa, da farar lilin nan mai siraran fure kamar ƙafafun gizo-gizo.

Idan inda kake akwai hunturu na gaske, fara da dafodil, ba ta da rigima kuma ɓeraye ba sa cin ta. Idan wurin zafi ne, fara da lilin ruwan sama da amarilis da kana. Iri uku sun isa a shekarar farko. Wanda ya kwaso ashirin rana ɗaya yakan rikita ban-ruwansu, ya rasa rabi, ya kuma rasa sanin abin da ya kashe su.

Ina wurin zafi, amma tulif nake so. Babu dabara?

Akwai, sai dai ka san abin da za ka samu. Tulif tana buƙatar mako 12 zuwa 16 a sanyin da bai wuce digiri 9 na ma'aunin Salshiyas ba, ba tare da ta daskare ba. Sai ka zuba albasar a jakar takarda ka ajiye a firji, ba a gidan ƙanƙara ba. Kada ka haɗa ta da tuffa ko wasu 'ya'yan itace masu nuna, domin suna fitar da iskar etilin, wadda ke lalata ɗan furen da ke cikin albasar, ka shuka ka samu ganye zalla. Da ka fitar da ita ka shuka nan take, a lokacin da ya fi sanyi a shekara, inda rana ta safe kawai ke taɓawa. Za ta yi fure sau ɗaya, karanta gajere, kwanakinta kaɗan. Da wuya ta sake yi baɗi, saboda zafi yakan kashe ganyen kafin ya cika sabuwar albasa.

Ban hana kowa gwadawa ba, furen ya cancanci a yi masa wahala. Sarakunan Daular Usmaniyya ta Turkiyya sun so shi har ana kiran shekarun 1718 zuwa 1730, zamanin Sarki Ahmad na Uku, da sunan zamanin tulif, kuma sunan da Turawa ke kiransa da shi ya samo asali ne daga kalmar da ke nufin rawani. Masanin tsirrai Carolus Clusius ya koma Jami'ar Laidin ta ƙasar Holan a 1593, tulif ɗinsa suka yi fure a 1594, yau kuma a lambun Keukenhof na ƙasar ana shuka albasa wajen miliyan 7 kowace shekara. Amma Holan tana da sanyin da tulif ke so kyauta. Kai da za ka ara daga firji, gara ka fara ƙwarewa a kan abin da ke jin daɗin iskar gidanka.

Yaya zan gane albasa mai lafiya?

Ɗauke ta a hannu. Mai lafiya tana da nauyi daidai girmanta, tana da tauri idan ka matsa. Juya ta ka duba gindin: idan ya yi laushi, ko ya yi baƙi, ko yana wari, ajiye ta. Ɗan tsagewar busasshen ɓawon waje ba komai ba ne. A cikin iri ɗaya, babba ta fi ƙarama, domin babbar amarilis takan ba da kara biyu har uku, ƙarama kuwa wataƙila sai ta ƙara shekara. Lili ta gaskiya ba ta da busasshen ɓawon da zai kare ta, don haka ba a barin ta a iska, da an same ta sai ƙasa.

Wane zurfi zan haƙa, kuma wane gefe ne sama?

Ninki biyu zuwa uku na tsawon albasar, tsinin yana kallon sama. Idan ka kasa gane sama da ƙasa, kwantar da ita a gefe, tohon zai nemi hanyarsa. Amarilis ce ta fita daban: a bar kashi ɗaya cikin uku nata a waje, a tukunyar da ta ɗan matse ta, kuma takan yi fure mako 6 zuwa 8 bayan shuka.

Tawa ta ruɓe a cikin tukunya. Me na yi ba daidai ba?

Kusan kullum ruwa ne. Albasa tana jure ƙishi fiye da yadda mutane ke zato, abin da ba ta jurewa shi ne zama cikin caɓi. Ƙasar da ta jiƙe sharkaf ba ta da iska, saiwoyi su shaƙe, funfuna ta shiga ta gindi. Na taɓa rasa tukwane shida na amarilis a wata guda, waɗanda na yi shekara huɗu ina reno, saboda na jera su kusa da kana ina ba su ruwa tare, alhali su sun shiga barci ita kuwa tana tsakiyar girma. Da na juye tukwanen na tarar albasar ta zama kamar kunu. Ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma tun daga lokacin nake ware masu barci a gefe guda inda bokiti ba ya zuwa.

Tukunya dole ta kasance da huda a gindi, kada kuma ta zauna cikin faranti mai ruwa. Tukunyar ƙasa ta fi ta roba yafiya, don tana numfashi ta jikinta. Ƙasar kuwa a haɗa ta yadda ruwa zai wuce: kashi biyu na ƙasar lambu, kashi ɗaya na yashi mai tsakuwa-tsakuwa, kashi ɗaya na takin da ya ruɓe sarai har ya daina wari. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa. Idan filinka yumɓu ne mai riƙe ruwa, ɗaga kunya ka shuka a kanta. Bayan shuka ka ba da ruwa sau ɗaya, sannan ka rage har sai toho ya fito. Daga nan yatsanka ne ma'auni: tura shi cikin ƙasa, in ka ji laima ka dawo gobe.

Furen ya bushe. In yanke ganyen don wurin ya yi kyau?

Kada ka taɓa shi. A nan ne mafi yawan mutane ke kashe furen baɗi da hannunsu. Furen da ka gani bana, da abincin bara aka yi shi, kuma albasar ta rame wajen fitar da shi. Taɓa wuyan amarilis bayan ta gama fure, za ka ji ta saki, ɓawon ya yi mata yawa. Ganyen nan da kake ganin ya ɓata maka tsari shi ne ke karɓar hasken rana yana mayar da abinci rumbu. A dafodil da tulif a bar shi aƙalla mako 6 bayan fure, ko har ya yi rawaya ya saki da kansa. A amarilis watanni ne cur na rana da ruwa da taki. Kada a ɗaure ganyen, kada a kitse shi, duk inda ya naɗe rana ba ta kai wa.

Abin da za ka cire shi ne busasshen kan furen, don kada shukar ta ɓata ƙarfinta wajen yin iri, sai fa idan irin kake so. Takin da ya dace a wannan lokaci shi ne mai yawan fotash, kamar wanda ake haɗa wa tumatir, duk bayan mako biyu, a tsarma shi sosai. Ni a wurina waɗannan makonni, da babu abin nuna wa baƙo, su ne ainihin aikin mai tara albasa. Ranar fure kowa gwani ne. Idan ganyen ya dame ka, shuka wani abu mai yaɗo a gabansa, ko ka mayar da tukunyar bayan gida inda rana ke samunta.

Shekara biyu ke nan sai ganye, babu fure.

Duba waɗannan ɗaya bayan ɗaya. An yanke ganye da wuri bara? Inuwa ta yi yawa? Yawancinsu suna son rana ta awa shida. An cika musu taki mai naitirojin, wanda ke ƙara ganye? Sun yi 'ya'ya sun cunkushe har kowace ta tsuke? Ko kuwa ba su samu hutunsu ba: mai son sanyi bai sha sanyi ba, mai son fari ba a daina ba shi ruwa ba. Amarilis da ta ƙi fure takan amsa idan aka bar ta mako 8 zuwa 10 a bushe a wuri mai sanyi-sanyi, sannan aka dawo mata da ruwa. Dangin Crinum kuma ba sa son a dame su, idan aka yi musu dashe sukan yi fushin shekara ɗaya ko biyu.

Dole ne in tono su kowace shekara?

A'a. Ana tonowa ne idan lokacin barcinsu ya faɗo a yanayin da zai kashe su: ƙanƙara ga daliya da kana da giladiyolas, ko ruwa mai yawa ga masu son barci a bushe. Idan ka tono, kakkaɓe ƙasar, ka shanya a inuwa mai iska kwana bakwai zuwa goma, ka zuba a jakar takarda ko raga. Leda tana tara gumi, gumi kuma ruɓa ne. Daliya tana son a rufe ta da busasshen yashi ko ɗusar katako don kada ta yanƙwane. Duba su sau ɗaya a wata, ka fitar da duk wadda ta yi laushi kafin ta shafa wa sauran.

Ta yaya zan yawaita su?

Hanya mafi sauƙi ita ce 'ya'yan da uwar ke fitarwa a gefenta. Bar su har su kai kashi ɗaya cikin uku na girmanta kuma su yi saiwar kansu, sannan ka ɓalle a hankali. Abin da ya fito ta wannan hanya kamar uwarsa yake sak. Daliya ana raba ta da wuƙa mai tsabta, kowane yanki da guntun wuya mai ido, domin saiwar da ba ta da ido ba za ta taɓa toho ba komai ƙibarta.

Iri kuma na masu haƙuri ne. Amarilis takan ɗauki shekara 2 zuwa 3 daga iri zuwa fure, dafodil da tulif shekara 5 zuwa 7. Amma a nan daɗin yake, don idan ka ɗauki garin fure daga ja ka shafa wa fara, 'ya'yan ba za su yi kama da juna ba, kuma za ka ga furen da babu wanda ya taɓa ganin irinsa sak. A shuka irin amarilis da ɗanyensa, ba ya jimirin ajiya.

Ganyen ya yi zane-zanen rawaya, furen ma launinsa ya tsattsage. Sabon iri na samu?

Mai yiwuwa cuta ce ta bairos, wadda ƙananan ƙwari masu tsotson ruwan ganye ke ɗauka daga shuka zuwa shuka. Ba ta da magani. A tumɓuke shukar a ƙona, a wanke wuƙa, a wanke hannu. Na san da wuya, don wani lokaci mai cutar ta fi kowace kyau. Tulif masu zanen harshen wuta da mutanen Holan suka yi ta rububinsu har kasuwarsu ta rushe a watan Fabrairun 1637, wannan cuta ce ta yi musu zanen, ita ce kuma ke sa albasarsu ta yi ta ƙanƙancewa. Ba a gane haka ba sai a 1928, da wata masaniya a Ingila, Dorothy Cayley, ta nuna cewa ana iya ɗaukar zanen daga albasa zuwa albasa. Tulif masu zane da ake sayarwa yanzu ta hanyar haɗa iri aka same su, lafiyarsu lau.

Suna da haɗari ga yara ko dabbobi?

Da yawansu suna da guba, kuma wannan ba abin wasa ba ne. Albasar dafodil tana sa amai da ciwon ciki, kuma an sha ɗaukar ta a kan albasar girki bisa kuskure, don haka kada a taɓa ajiye su wuri ɗaya. Gloriosa, lilin nan mai hawa da fure ja da rawaya kamar wuta, saiwarta tana iya kisa. Lili ta gaskiya tana lalata ƙodar kyanwa, ko da garin furen ta lasa a jikinta. Hayasin tana sa ƙaiƙayin hannu, sai a sa safar hannu. Idan yaro ya ci wani abu daga lambu, a tafi asibiti nan da nan, a riƙe guntun shukar ko sunanta.

Na ga wani fure mai kyau a daji. In tono in kawo gida?

Ni ba na yi. Albasar da ka gani tana fure a daji wataƙila ta shekara biyar ko fiye kafin ta kai haka, kuma idan ka ɗauke ta ka ɗauke duk irin da za ta zubar. Tonon albasar daji don sayarwa ya taɓa yin ɓarna sosai, musamman a duwatsun Turkiyya, shi ya sa dangin Galanthus da Cyclamen da Sternbergia suke cikin tsirran da yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a 1973, ke sa ido a kan cinikinsu tsakanin ƙasashe. Sa alama a wurin, ka dawo idan iri ya nuna ka ɗebi kaɗan, da izinin mai wurin. Haka kuma idan daga wata ƙasa za ka shigo da albasa, yawancin ƙasashe suna neman takardar shaidar lafiyar tsiro.

Sunayen nan na Latin, dole ne in koya?

Ba dole ba ne, amma suna raba gardama. Tun 1753 da Carl Linnaeus na Suwidin ya daidaita tsarin suna biyu, na dangi da na iri, mai lambu a ko'ina yana iya gane abin da ɗan'uwansa ke nufi. Dubi amarilis: wadda muke sa wa a tukunya sunanta na gaskiya Hippeastrum, karanta kamar bututu ne, cikinsa fayau. Amaryllis ta ainihi 'yar Afirka ta Kudu ce, karanta cike yake, tana fure ba ganye ko ɗaya a jikinta, kuma lokacin barcinta daban ne. Wanda ya reni ɗaya da ƙa'idar ɗaya zai sha mamaki.

Abin da na ɗauka dole shi ne alama da littafi. Rubuta suna da fensir a jikin alamar, don tawada tana gogewa a rana. A littafin kuma ka sa ranar shuka, ranar toho, ranar fure, da wanda ya ba ka. Tukunyar da albasarta ke barci ba ta da bambanci da wadda babu komai a ciki, kuma an sha juye irin wannan a zuba sabuwar shuka.

Ba ni da fili, sai ɗan baranda.

Ya isa, muddin rana tana shiga. Tukunya mai zurfin santimita 30 tana ɗaukar hawa biyu ko uku: manyan albasa a ƙasa, a rufe da ƙasa, matsakaita a tsakiya, ƙanana a sama, su yi ta fitowa bi da bi. Sharaɗin kawai shi ne duk waɗanda ka haɗa su zama masu barci lokaci ɗaya. Masu barcin kuma a jera tukwanensu a ƙarƙashin benci inda ruwan sama ba ya kai wa, a fito da kowace idan tsinin tohonta ya leƙo.